Shanyar Barakatu

Duk wanda ya saba shiga kasuwar Wudil ranar Juma'a ya san Barakatu mai kauɗa, ko da bai san sunanta ba. A ƙarshen layin 'yan kayan miya take zama, bayan masu manja, da buhunan busasshen tumatir da kuɓewa da barkono a gabanta. Gajera ce, baƙa, ba ta da yawan magana, kuma ba a yi mata tayin wulaƙanci sau biyu.

Shanya ce sana'arta tun tana da ƙuruciya. Da rani, idan tumatir ya yi yawa a lambunan bakin kogi har masu shi sun rasa yadda za su yi da shi, sai ta saya kwando-kwando, ta yanka, ta baza a tsakar gida da kan rufin kwano. Abin da wani zai zubar don ya fara laushi, ita sai ta mai da shi abin da zai kai tsakiyar damina ana miya da shi. Ba ta yi boko ba, amma abu guda ta riƙe da hannu biyu: danshi ke kashe kaya, rana ke raya su. A kan wannan ta ci, ta sha, ta aurar da 'ya'ya.

Tsofaffin gari kuwa ba mai kauɗa suke ce mata ba. Matar Ɗantani suke cewa, alhali mijinta bai taɓa amsa wannan sunan a gidan ubansa ba.

Ƙasimu sunansa, tela ne a bakin tasha. A can shekarun baya, lokacin da talabijin ɗin da ke garin ba su wuce a ƙirga da yatsu ba, ya faɗa cikin 'yan wasan kwaikwayo na wani gidan talabijin a Kano. Duk Asabar sai ya rufe keken ɗinkinsa ya hau mota. Shirin nasu Layin 'Yan Awo ake kiransa, ana nuna shi da yammacin Lahadi, kuma a ciki shi ne Ɗantani, mai awon hatsi wanda yake buge gindin tiyarsa ya lotsa ta ciki don awo ya ragu. Kullum sai an kama shi, kullum sai ya rantse, ya yi kuka, ya koma ya sake. Wani Alhaji dillalin shanu ne yake fito da talabijin ɗinsa ƙofar gida, maza su cika layin har ba hanyar wucewa, yara a kan katanga, mata kuma su leƙa daga zaure idan sun sami sarari. Barakatu da kanta ba ta ga shirin da yawa ba. Ranar da ta fara gani, da mijinta ya fito sai ta rufe fuska da mayafi don kunya, matan unguwa suna ta jan ta suna shewa.

To amma ga halin mutane. Ranar Lahadi su yi dariya har da riƙe ciki, ranar Litinin su ce ɗan wasa ba shi da mutunci. Wanda ya fi kowa tuntsirewa a ƙofar gidan Alhaji, shi ne zai fara cewa ba ya bin sallar ɗan dirama. Kuma aka yi rashin sa'a, yayan Ƙasimu, Sulaiman, mai awon hatsi ne na gaske a cikin kasuwar nan. Tun da shirin ya karɓu, duk matar da ta zo awo wurinsa sai ta ɗauki tiyar ta kifa ta duba gindinta.

"Malam Sule, wai kai ƙanen naka yake kwaikwayo?"

Mutumin nan bai taɓa tauye wa kowa awo ba, a faɗi gaskiya. Amma bai yafe ba, har ƙasa ta rufe idonsa.

Mota ce ta kashe Ƙasimu a hanyar Kano, yana dawowa daga wurin ɗaukar shirin. Ya bar maza biyu ƙanana, da Barakatu da tsohon ciki. Ba a yi sadakar uku ba Sulaiman ya shigo ɗakin ya sauke hotunan da ke bango, na aure da na wurin aiki, har da ɗan ƙaramin da ke maƙale jikin madubi. Ya ce mala'iku ba sa shiga ɗakin da ke da hoto, mamaci kuma addu'a yake buƙata. A bayan gida ya ƙona su. Nasa hoton na zuwa Makka kuwa yana nan rataye a zaurensa, har yau ba a sauke ba.

Tana cikin takaba wani abokin wasan marigayin mai suna Garzali ya zo gaisuwa daga Kano. Daga bakin ƙofa ya durƙusa, labule a tsakaninsu. Bayan doguwar gaisuwa da addu'a, ya turo wani abu ta ƙarƙashin labulen, naɗe cikin jarida.

"Kaset ne na bidiyo," in ji shi, murya ƙasa-ƙasa. "A gidana na naɗa lokacin da ake nunawa. Yana ciki tun daga farko har ƙarshe. Ki ajiye wa yaran nan, wata rana za su tambaya."

Ta ce Allah ya saka da alheri. Ta cusa shi ƙasan akwatinta, ƙarƙashin zannuwan aure. Bayan 'yan makonni ta haifi mace, aka sa mata Rahinatu.

Yarinyar nan tun da ta yi baki take tambaya. Yayyenta maza sun ɗan riski uban, suna da abin tunawa ko yaya ne, ita kuwa ba ta da komai. Dogo ne? Yana da gemu? Da wa yake kama? Barakatu ta ce dogo ne, sai wata gwaggo ta ce matsakaici ne. Wani ya ce da ita yake kama, wani ya ce sam. A makaranta yara suna ce mata 'yar Ɗantani, su lotsa gwangwani su miƙo mata, alhali su ma ba su taɓa ganin shirin ba, a bakin iyayensu suka ji. Ta girma da sunan uba a kanta, ba ta san fuskarsa ba.

Barakatu ba ta taɓa gaya mata akwai kaset ba. A gidan Sulaiman suke zaune, shi ke riƙe da yaran, kuma ya taɓa jin ƙishin-ƙishin. Ya tsare ta a tsakar gida ya ce duk ranar da ya ji an nuna wa 'ya'yan ɗan'uwansa wannan shashancin, ta tattara ta bar gidan ita kaɗai, yarinyar kuma ta nemi wani waliyyin ranar aurenta. Saboda haka ko da zamanin bidiyo ya zo, kusan kowane gida da na'ura, ba ta fito da shi ba. Ban da tsoron Sulaiman ma, ta taɓa gani da idonta a maƙwabta na'ura ta kama zaren kaset ta tauna, aka jawo shi kamar hanjin kaza. Ta ce a ranta nata ba zai shiga bakin wannan abin ba sai ranar da ta tabbata. Ta ce bari yarinyar ta yi wayo. Ta ce bari ta yi aure. Aka kai Rahinatu gidan miji a garin Darki, ta haihu, ta sake haihuwa. Kafin a ce haka na'urorin sun ɓace, faifan CD ya zo, shi ma ya wuce, kowa ya koma waya.

Amma kulawa dai ba wanda zai ce ba ta kula da shi ba. Ɗakinta yana yoyo da damina, kuma ta san abin da danshi ke yi wa kaya a akwati. Duk shekara, da ruwa ya ɗauke, sai ta jira ranar da Sulaiman ya tafi kasuwar ƙauye, ta buɗe akwatin ta shanya zannuwa a igiya. Kaset ɗin kuma ta ɗora shi a faifai, ta taka turmi ta ajiye shi a kan rufin kwano, bayan shanyar kuɓewa inda ido ba ya kaiwa. Tun hantsi yake can. Da azahar ta hau ta juya shi, kamar yadda take juya tumatir, don ɗaya gefen ma ya samu. Sai la'asar take sauko da shi, da zafinsa har ba ya riƙuwa sai da bakin zane. Ta goge shi, ta naɗe, ta mayar. Da ta lura ya ɗan lanƙwashe daga tsakiya, sai ta ji daɗi, don ita a wurinta abin da ya bushe sosai ne yake lanƙwashewa. Shekara fiye da talatin, ko ɗigon funfuna bai taɓa hawa kansa ba.

Bara Sulaiman ya rasu. Bayan an watse daga zaman makoki, Rahinatu ta zo daga Darki ta yi wa uwar kwana biyu. Wata safiya suna zaune suna yankan kuɓewa, sai ta ajiye wuƙa ta ɗauki wayarta.

"Inna, kin san ana maganar Baba a waya?"

"Wane Baban?"

"Babana mana. Wani shafi ne na masu tuna shirye-shiryen da. Ji abin da wani ya rubuta: wai Allah ya jiƙan Ɗantani mai awo, ba a sake yin irinsa ba. Ga mutane nan birjik suna ta Allah sarki, Allah sarki. Wani ma daga Wudil yake, ya ce shi maƙwabcinsa ne, ɗan'uwansa ne na jini."

"Waye shi?"

Rahinatu ta karanta sunan. Barakatu ta ja tsaki.

"Wannan? Ubansa ne ya hana a ba mahaifinki ɗinkin kayan makarantar allo, wai kada albarka ta gudu. Yau kuma ya zama ɗan'uwa."

"To ni na tambaye su hoto. Na ce ni 'yarsa ce, ko guntun bidiyo ne a taimaka mini. Kowa sai addu'a yake turo mini, Inna, ba mai komai." Ta ajiye wayar a cinya. "Wani tsoho da ya yi aiki a gidan talabijin ɗin ya ce kada in wahalar da kaina. Wai a lokacin kaset tsada yake, idan an nuna shiri sai a goge a naɗi wani abu a kai. Taron bikin buɗe wani abu, jawabin wani babba. Waɗanda suka rage kuma da aka tashi gyaran sito aka kwashe aka cinna musu wuta."

Haka fa aka yi. Mutane sun ba da ƙuruciyarsu, sun sha zagi a garuruwansu, wani ya bar ransa a kan titi, aka goge su don a naɗi wani mai babbar riga yana yanka kyalle. Yanzu kuma kowa ya zauna da waya a hannu yana kukan an yi zamani.

Barakatu ta daɗe tana kallon kuɓewar da ke hannunta. Sannan ta tashi ta shiga ɗaki. Da ta fito ta ajiye abin a cinyar 'yarta.

"Ga shi nan. Yana ciki, tun daga farko har ƙarshe."

Rahinatu ta warware zanen, ta kalli kaset ɗin, ta kalli uwar. Ta buɗe baki za ta yi faɗa, sai kuka ya riga faɗan fitowa.

"Shekara nawa ina tambayarki, Inna?"

"Da Baffanki yana raye kike so in nuna miki? Share hawayenki, Auta, ki nemo mana inda za a kunna."

Mijin Rahinatu ne ya yi cigiya har aka dace da wani Lukman, ma'aikaci a jami'ar garin, mutumin Gombe, wanda yake da tsohuwar na'ura a gidansa yana juye wa mutane kaset ɗin bikin iyayensu zuwa waya. Suka je ranar Asabar da hantsi. Barakatu ta ɗaura atamfar da ba ta ɗaurawa sai da salla. Rahinatu ta so ta zo da 'ya'yanta, daga baya ta ce a'a, bari ta fara gani ita kaɗai, ba ta so su ga tana kuka.

Lukman ya shimfiɗa musu darduma a falo, matarsa ta kawo ruwa. Aka gaisa, aka tambayi gida da gajiya da haƙurin rashi. Ya ce shi ma yana jin labarin shirin a bakin mahaifinsa, yau zai kashe ƙwarƙwatar ido. Da ya karɓi kaset ɗin sai fara'arsa ta ragu. Ya juya shi, ya ɗaga shi saitin taga, ya sa yatsa ya gwada murɗa zaren, ya ƙi motsi.

"Iya, a ina ake ajiye shi?"

"A akwati, ɗan nan. Ka duba da kyau, ko ɗigon danshi babu. Duk shekara sai na shanya shi."

"Kin shanya shi?"

"A kan kwano. Tun safe har la'asar, ina juyawa."

Lukman ya ajiye kaset ɗin. Rahinatu ce ta juyo a hankali.

"Inna, a rana?"

"To a ina ake shanya, a randa?"

Ba wanda ya yi dariya. Barakatu ta dubi fuskar ɗaya, ta dubi ta ɗayan.

"Me ya faru? Ku yi mini magana mana."

"Iya, shi wannan abin ba ya son zafi," in ji Lukman, yana kallon ƙasa. "Zaren nan roba ne, hoton kuma a jikinsa yake. Zafi yana narkar da shi, ya manne da juna. Da funfuna ce ma ta kama shi, wallahi da sauƙi, ana gogewa."

"Ana gogewa," ta maimaita.

"Amma bari mu gwada. Allah ne mai yi."

Ya kwance gidan kaset ɗin da ya lanƙwashe, ya ciro zaren ya mayar cikin wani lafiyayye. Ya daɗe yana ɓamɓare inda ya manne, wani wurin ya tsinke ya liƙa. Duk tsawon lokacin nan Rahinatu ba ta dubi uwarta ba, uwar ma ba ta ɗaga kai ba. Matar Lukman ta leƙo ta ce ko a kawo abinci, mijin ya ce a bari tukuna.

Ya tura kaset ɗin, na'ura ta haɗiye. Talabijin ya kawo ɗige-ɗige fari da baƙi kamar an watsa tsaki a tire, da ƙara shuuu. Wasu layuka suna hawa suna sauka. Ya tura gaba, haka. Ya sake turawa, haka. Wani wurin sai ka ga kamar inuwar mutum za ta haɗu, sai ta tarwatse. Murya kuwa babu ko ɗaya. Rahinatu ta matsa har gwiwarta tana taɓa teburin, ta ƙura ido ko ƙiftawa ba ta yi.

Can wajen ƙarshe, ƙasan gilashin ya washe, kamar faɗin tafin hannu. Sama duk tsaki ne, amma a ƙasa ga daɓe, ga gefen buhu, ga ƙafafun maza uku a tsaye. Ɗaya da silifa, na tsakiya da buɗaɗɗen takalmin fata, ɗaya ba takalmi. Na tsakiyar ya ɗan ja da baya, sai tsakin ya sake rufewa.

"Tsaya! Malam, don Allah koma!" in ji Rahinatu.

Lukman ya mayar, ya tsayar da hoton a daidai wurin. Yana rawa, amma ana gani.

"Iyakar abin da ya rage ke nan," in ji shi. "Na duba har ƙarshe."

Rahinatu ta juyo. Idonta ya yi ja, amma babu faɗa a cikinsa, roƙo ne kawai.

"Inna, wanne ne?"

Barakatu ta matso. A zamaninsu mace ba ta zuba wa miji ido a fuska, amma ƙafarsa kam ta gani, kullum da ta durƙusa ajiye abinci, kullum da ta kai masa ruwan alwala. Ta ɗauka ko cikin dubu za ta fitar da ita. Ta dubi mai silifa. Ta dubi mai takalmin fata. Ta dubi wanda ba takalmi, ta tuna kayan wasa ba nasu ba ne, a can ake ba su su saka. Ta nemi wani tabo, wani karkataccen yatsa, wani abu da za ta kama. Ƙafafu ne kawai na maza, baƙaƙe, da ƙura. Ta rufe ido don ta ga tasa a zuci ta gwada, sai ta tarar can ɗin ma babu.

"Inna?"

"Na tsakiya," in ji Barakatu.

"Kin tabbata?"

"Ni za ki tambaya ko na tabbata?"

Rahinatu ta sa yatsa a kan gilashin, daidai takalmin fatar, ta bar shi a wurin. Kafaɗunta suna rawa. Lukman ya tashi ya fita tsakar gida kamar an kira shi. Da ya dawo ta roƙe shi ya sa mata wannan ɗan guntun a waya, ya sa. Suka yi godiya, ya ƙi karɓar komai, ya raka su har bakin titi yana ba su haƙuri kamar shi ya yi laifin.

A hanyar tasha Rahinatu sai kunnawa take tana sakewa, ta kare wayar da mayafi saboda hasken rana.

"Kin ga yadda ya ja da baya? Ina jin nan ne aka kama shi. Kuma dubi babban yatsan, Inna, sak irin na yarona na biyu. Wallahi sak."

"Haka ne," in ji Barakatu.

"Dogo ne ashe, kamar yadda kika ce. Ƙafar dogon mutum ce wannan."

"Haka ne."

Motar Darki ta kusa cika. Rahinatu ta shiga ta zauna a gefen taga, ta ce a gaida gida, za ta turo yara da hutu. Ba ta ta da maganar rana ba, ko da kalma ɗaya, kuma Barakatu ta gwammace a ce ta zage ta. Kafin direba ya ta da mota, ta hango 'yarta ta miƙa wa matar da ke kusa da ita wayar, tana nuna mata da yatsa.

"Babana ne. Na tsakiyar."

Barakatu ta juya ta kama hanyar gida. A bakin tasha wata tsohuwar ƙawarta ta ƙwala mata kira, tana tambayar ina aka je da atamfa haka ba a gayyace su ba. Ta wuce, ko waiwaye ba ta yi ba.